Hannun da Bai Gama Gaisuwa Ba

Daeng Nompo ke riƙe da makullin kogo.
Da hantsi yakan ratsa fadamar shinkafa ta Maros,
wando naɗe har gwiwa, tocila a aljihu,
ya wuce ɓaunar maƙwabci kwance cikin taɓo,
ya hau tsanin gora mai matakai goma sha tara.
Na bakwai ya karye tun bara,
ƙafarsa ta san wurin, ba ya ko dubawa.

Yau jikarsa Tenri ta biyo shi.

Ciki duhu ne, da warin jemage, da ɗigar ruwa
mai ƙidaya abin da ba wanda ya sa ta ƙidaya.
Ya ɗaga tocila. Ga su nan,
hannuwa birjik a bango,
ja ya kewaye su kamar tofin mai cin goro.
Wani ne ya dafa dutse,
ya cika baki da jar ƙasa, ya fesa,
ya ɗauke hannu, hannun bai taso ba.
Gefe ga aladen daji, ƙato,
gashin gadon bayansa a tsaye har yau.

"Kaka, yunwa yake ji ya zana nama?"

"Zanen nama ba ya kai wa ciki, yarinya.
Masana sun zo da injuna daga nesa,
suka ɓanɓari dutse kamar ƙwayar shinkafa,
suka ce shekara dubu arba'in, har da ɗori.
Na ce, to, don me aka yi?
Nan suka gyara tabarau."

Ya yi shiru. Bai gaya mata ba
cewa ran da kakarta ta kwanta ciwon ajali
ta taso daga kwaɓa garin shinkafa,
ta dafa ginshiƙin ɗaki don jiri,
yatsu huɗu da rabin tafi, fari fat.
Damina uku ke nan yana share gidan,
tsintsiya ba ta taɓa hawa wurin ba.

Abin da ya ce kawai:
"Mutum ya ga rana na faɗuwa da nasa,
sai ya nemi abin da ba ya faɗuwa.
Daga wannan tofin aka samu sauran.
Zanin alharinin da kakarki ta saƙa, jikan bangon nan ne.
Wanda ya fara kwantar da magana a ganyen giginya
don ta jira jikokinsa,
a nan ya ga ana iya barin abu ya yi jira.
Kafin jirgin kawunki ya sha ruwan teku
sai da wani ya gan shi a ido rufe.
Ko kamfanin simintin can mai cin duwatsunmu,
da fensir aka fara shi."

Wani ɓawo ya saki bango, ya faɗo,
bai kai farce ba, da ja a bayansa.
Gishiri ke cin dutsen daga ciki.
Tsohon ya duƙa, ya tsince shi da yatsu biyu,
ya sa a kwalin ashana, wurin 'yan uwansa.

Tenri ta miƙa hannu.
"Kul! Ba a taɓawa."
Sai ta tsayar da shi cikin hasken tocila,
inuwarsa ta hau bango tana laluben gurbi.
Wannan ya yi mata yawa. Wancan ma.
Can ƙasa, daidai ƙugun kakanta,
wani ƙarami ya karɓe ta cif.

"Ashe da yara," ta ce.

A hanyar gida ta tsoma hannu a taɓo,
ta manna wa ɓauna a kuiɓi.
Ɓauna ta kaɗa kunne, ta miƙe,
ta shiga ruwa da shi.